Hoton Babana a Ruwan Kafe da Kanwa

Shekaranjiya da safe na ɗora wake, na jefa masa 'yar kanwa don ya yi saurin nuna, sai ga maigidan ya shigo madafa yana dama kafe a kofinsa. Tururin tukunya ya gamu da na kofin, wani wari ya bugi hancina, sai da na jawo kujera na zauna. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, wani abu na tuna. In ba ka taɓa jin kafe da kanwa sun haɗu wuri guda ba, kada ka yi marmari, wallahi ba daɗi. Kamar an jiƙa tsohuwar fata an manta da ita a bayan ɗaki. Amma ni a cikin wannan warin na fara ganin fuskar mahaifina, ina da shekara tara ko goma a duniya.

Bari in faro maka daga tushe. A Gaya ta bakin iyaka aka haife ni, a wata unguwa da in iska ta juyo kana jin ƙamshin kogi da hayaƙin masu bandar kifi. Babana direban babbar mota ne, cikin masu ɗauko kaya daga bakin teku su hauro gadar kogin su yi arewa. Ko zama ban fara ba ya yi hatsari a hanyar Paraku, can aka binne shi. Labari kawai ya iso gida. Babu jaka, babu hula, babu takardar tuƙinsa mai ɗan hoto a jiki. Da innata ta gama takaba ta koma wurin danginta a Karakara, daga baya ta yi wani auren. Ni kuwa da aka yaye ni aka kawo ni hannun Kaka, uwar babana, a ɗakinta na tashi.

Kowa ya gan ni sai ya ce wani abu. Wannan ta ce goshinsa na ɗauko, wancan ya ce a'a, tafiyarsa ce. Mai rake na bakin hanya ya ce dariyata tasa ce sak. Nakan leƙa ruwan baho in tsura wa kaina ido, in ɗora wa goshin nan hula da gemu a zuciyata, amma mutumin ya ƙi haɗuwa. 'Yan ajinmu a lakwal, wato makarantar boko, suna zuwa da hotunan iyayensu maza na sallah, ni sai dai in kalli na wasu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Wadda ta fi kowa saninsa kuwa ita ce ba ta cewa uffan. Babana ɗan farinta ne, Kaka kuma mutuniyar da ce ta gaske. Tun da ta haife shi, in ji mutane, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa gaban jama'a ba, in ya shigo gida sai ta kau da kai kamar baƙon wani ne ya ɓato hanya. An ce ranar da aka kawo labarin rasuwarsa tana tsintar shinkafa, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da tsintarta. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan mai motar". Na taɓa tsare ta da tambaya, na ce Kaka, yaya kamanninsa yake? Ta ce, "Ina na sani? Kallonsa nake yi? Tashi ki ba awaki dusa, ja'ira." Ranar na kwana ina jin haushinta. A ganina na lokacin, tsohuwar nan dutse gare ta a ƙirji.

A gidan akwai Baffa, ƙanin babana, mai hoto. Shagonsa yana kusa da tasha, da wani labule mai zanen bene da jirgin sama wanda mutane ke tsayawa gabansa su ƙame kamar an dasa su. Ka ji abin mamaki, wai gidan mai hoto amma babu hoton wansa ko ɗaya. Babana ne ba ya so. Duk sanda Baffa ya ɗago na'urarsa sai ya sa hannu ya kare fuska, ya ce ya je ya nemi 'yan gayu. Lokacin da na yi wayo kuwa sana'ar Baffa ta fara mutuwa a tsaye. Hoto mai launi ya shigo, sai a tura fim Dosso inji ya wanko, shi kuma ɗakin duhunsa na fari da baƙi ya zama ma'ajiyar buhunan gero.

Wata rana ina share ƙarƙashin gadon Kaka, can kusa da randa inda yashi ke da sanyi, tsintsiya ta turo wani gwangwanin madara da aka naɗe da tsumma. Na buɗe, na ga ɗan abu kamar kwarkwaron zare, da ɗan harshe baƙi yana leƙowa. Na fito tsakar gida da shi, har na kama harshen zan ja. Ban taɓa jin Baffa ya daka tsawa ba sai ranar. Ya zubar da butar alwala ya yo kaina, ya karɓe abin da hannu biyu. Da ya ga na tsorata sai ya durƙusa daidai tsayina ya ce, "Babanki yana cikin nan. In haske ya taɓa shi, ya tafi ke nan."

Mutum guda, direban babbar mota, a cikin abin da bai kai babban yatsa biyu ba! Baffa ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali. Sau ɗaya tak babana ya yarda aka ɗauke shi, kwanaki kaɗan kafin tafiyarsa ta ƙarshe. Da labari ya zo, Baffa ya kasa wanke fim ɗin, ko kallonsa ba ya iya yi, sai ya ɓoye shi inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Da shekaru suka ja, zuciya ta yi ƙwari, sai ya tarar maganin wankin ya daina zuwa. Ya cigita a Malanbil, ya aika Kamba, ya sa direbobi sun duba masa har bakin teku, babu. Na ce to a kai wa injin Dosso mana. Ya ce ruwan injin na mai launi ne, in aka sa wannan a ciki fes zai fito, ba kowa ba komai.

Daga ranar na zame masa ƙarfen ƙafa. Da safe in tambaye shi, da marece in tare shi a zaure. Kaka tana ji tana yin kunnen uwar shegu, sai dai ta ce wannan yarinya da naci kamar ƙudan damina.

Ana haka, farkon damina, wani tsohon abokin sana'arsa mutumin Paraku ya biyo ta Gaya ya kwana gidanmu. Shi ya kawo maganar. Wai yaransa masu shiga intanet sun gano ana wanke fim da kafe, irin na gwangwani da mai shayi ke damawa, a haɗa da ƙwayar bitamin ta farmasi da wani farin gari mai kaifi dangin kanwa. Ya rantse ya gwada da hannunsa. Maganar ta fita gari, aka samu abin dariya. Mai shayin tasha in ya hango Baffa sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai hoto, fim ɗin naka da madara yake sha ko baƙi? In yanko masa burodi?" Baffa sai ya yi murmushi ya wuce. Shi dai ya san yana da sauran garin da ke kama hoto kada ya gudu, wanda ba ya lalacewa, da 'yan takardun hoto a baƙar leda. Abin da ke fito da hoton ne babu.

Bai yi gangancin farawa da na babana ba. Yana da ragowar fim guda da bai taɓa ɗaukar komai da shi ba, sai ya riƙa ɗaukar akuyar Kaka yana yanka shi gutsi-gutsi yana gwadawa. Na farko ya fito wayam. Na biyu in ka ƙura ido ka ga wani abu kamar hayaƙi mai ƙaho. Farin garin da baƙon ya faɗa babu shi a kasuwarmu, kanwar miya Baffa yake sawa, ita kuma ba ta da ƙarfin. Sai ya tuna mutumin ya ce in kanwa ce, sai an gasa ta a wuta tukuna. Ya ɗauko kaskon Kaka ya ɗora a murhu yana ta fama, hayaƙi na shiga masa ido.

Kaka tana gefe tana mita tun ɗazu, wai ana ɓarnar kanwa mai kyau a kan shirme. Can ta miƙe ta fizge muciyar daga hannunsa, ta ce ya matsa kada ya fasa mata kasko. Ta daka kanwar lukwi, ta rage wutar, ta zauna tana juyawa a hankali. Rana ta take, gumi na ɗiga daga haɓarta, ba ta tashi ba sai da garin ya yi fari fat ya yi sauƙi kamar toka. Ta juye a ƙwarya ta tura masa da ƙafa, ta ce, "Ga tsiyarku nan." A gwaji na gaba akuya ta fito, har da igiyar wuyanta da tabon da ke kunnenta. Na yi ta tsalle a tsakar gida ina ihu.

Na ɗauka washegari za a wanke na babana. Ina! Baffa ya shiga ɗage-ɗage. Yau ya ce akwai zafi, fim zai narke. Gobe ya ce ruwan famfo ya yi ja. Da na matsa masa sai ya gaya mini gaskiya. Fim ɗin akuya sabo ne a wurin ɗauka, wancan kuwa sa'ana ne, ya sha zafin Gaya shekara da shekaru. Kuma fim sau ɗaya ake jiƙa shi, babu a sake. Ya ce muddin yana cikin gwangwani, to wansa yana nan. In aka wanke ya fito wayam, shi ne ya kashe shi karo na biyu da hannunsa. Ya je ya durƙusa ƙofar Kaka ya ce, "Inna, me kika gani?" Ta ce, "Ni ina ruwana? Ga mai uba nan, ita za ka tambaya." Suka bar ni da maganar, yarinya ƙarama. Na kwana biyu ko abinci ba na iya ci sosai. Daga ƙarshe na je na same shi na ce, Baffa, a cikin gwangwani ba na ganinsa, a wanke.

Ranar da aka yi abin an kwana ana ruwa, gari ya wayi da sanyi, ganyen mangwaro na ɗiga. Mun tari ruwan indararo bayan rufi ya wanku, Baffa ya tace shi da farin ƙyalle ya zuba a randa ya ƙara sanyi. Aka fitar da buhunan gero daga ɗakin duhu, aka toshe taga da bargo da tabarmi, har ƙasan ƙofa aka cusa tsummoki. Ya jiƙa kanwar ya bar ta ta kwanta, ya daka ƙwayoyin bitamin a ɗan turmin yaji da aka wanke, ya dama kafen a wani kofi dabam, sannan ya haɗa su. Nan warin ya tashi. Kaji ma sai da suka bar bakin ƙofar.

Kaka ta ɗauko kujerarta da faifan shinkafa ta zauna daidai ƙofar ɗakin daga waje. Ba wanda ya sa ta. Ta ce nan ne inuwa ta fi kyau, alhali ranar ko rana ba ta fito ba.

Muka shiga, Baffa ya ja ƙofa. Ban taɓa sanin akwai duhu irin wannan ba da rana tsaka. Na ɗaga hannuna gaban idona ban gan shi ba. Sai numfashin Baffa nake ji, da ƙaramar ƙarar fim yana naɗa shi da lalube a cikin wani gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ya yi bismilla, ya tsiyaya ruwan kafen. Agogonsa ya daɗe da mutuwa, da carbi yake auna lokaci tun yana saurayi a sana'ar. Sai ya ja salati ya ja, ya juya gwangwanin a hankali, ya ajiye, ya koma kan carbin. Ni ma na kama salatin tare da shi, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Muna ciki na ji wata maƙwabciya ta yi sallama za ta ari rariya, ta nufo wajen ƙofar. Muryar Kaka ta tashi kamar ba ita ba: "Kada ki kuskura ki taɓa ƙofar nan!" Sai kuma ta sassauta, ta ce kaza ce ke kwanci a ciki.

Bayan ya zubar da kafen ya ɗauraye, ya zuba maganin kamawa, ya sake jira, sai ya buɗe ƙofa. Ya kasa buɗe murfin gwangwanin. Ya miƙo mini, na murɗa, shi ya zaro fim ɗin yana ɗigar ruwa ya ɗaga shi sama. Ya yi ruwan ƙasa kamar shayi, yawancinsa hazo ne kawai, zafi ya cinye. Baffa yana bi da ido gida-gida, har ya kusa ƙarshe, sai na ji ya ce, "Allahu akbar." Na leƙa. Ga mutum a tsaye, amma fuskarsa fara fat, rigarsa baƙa wuluk. Na fashe da kuka na ce wannan aljani ne, ba babana ba ne. Baffa yana dariya hawaye na zuba, ya ce haka fim yake, komai a juye, in yi haƙuri ya bushe.

Bayan azahar muka koma ciki. Wannan karon ya kunna wani jan ƙwai mai ɗan haske kamar garwashi. Ya sa fim ɗin a tsohon injinsa mai dogon wuya, ya haska farar takarda na ɗan lokaci, ya kashe. Na duba takardar, babu komai a kanta. Ya tsoma ta cikin sabon haɗin kafe a farantin tangaran na Kaka, yana girgiza farantin sannu-sannu. Shiru. Ruwan baƙi ne, sai ya ɗago takardar ya duba ya mayar. Har na fara cewa a raina shi ke nan.

Sai wani ɗan duhu ya tsiro a tsakiyar farin. Ya yi faɗi. Ya zama wuya, ya zama kunne, ga hula ta ɗan karkace, ga kafaɗu masu faɗi. Ba wanda ya zana, ba wanda ya taɓa, mutum yana tasowa daga cikin ruwan da mai shayi ke sayarwa a tasha. Na ƙara matsowa kusa da farantin. Na ga goshin, nawa ne kuwa, ba su yi ƙarya ba. Na jira idanun su fito su kalle ni, amma ba su kallon mai ɗauka. Kansa a sunkuye yake, yana duban wani ƙunshin zane a hannunsa, da ɗan kai mai sabon aski yana leƙowa.

Na ce, Baffa, me ya riƙe? Ya ce, "Ke ce." Washegarin sunana, in ji shi, babana ya sa aka ɗauko ni da wayo wai za a kai ni gaida wata gwaggo, ya bi ta bayan gida ya kai ni shago, ya ja ƙofa. Ya ce a ɗauke mu maza, kuma in Baffa ya kuskura ya gaya wa Inna sai ya karya na'urar. Ni ma ai ɗiyar fari ce. Duk unguwa an san bai taɓa ɗaukata ba, ko ranar sunan ma gudu ya yi ya bar gidan.

Da aka ɗauraye hoton na fito da shi a tafin hannuna yana jiƙe, na nufi Kaka. Tun kafin in iso ta kau da kai, ta ce in kai shi can, wari yake mata. Raina ya ɓaci. Baffa ya karɓa ya maƙale shi a igiyar shanya cikin rumfa, ya tafi masallaci. Ni kuma aka aike ni sayen mai.

Da na dawo gidan tsit. Na zo wucewa ta jikin zana sai na hango ta a rumfar. Ta ciro hoton daga igiya, ta kawo shi dab da fuskarta don idonta ya fara rauni. Tana kallo, tana kallo, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Na daɗe a tsaye ba ta motsa ba. Sai na ji ta kira sunansa, can ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba, kuma ban sake ji ba har ta koma ga Allah. Kwalbar man da ke hannuna ta gogi jikin zana, ta juyo ta gan ni. Na zaci faɗa za ta yi. Ta ce, "Zo nan, ja'ira. Idona ba ya rarrabewa. Bakin nan nasa, me yake yi?" Na ce murmushi yake yi, Kaka. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ji mara kunya. Ɗiyar fari a hannu, yana murmushi." Hawaye na bin kumatunta har wuya, ba ta share ba, ba ta kuma sauke hoton ba.

Yau shagon Baffa wani yaro ne a ciki yana cajin salula. Baffa ya tsufa, in na ce masa abin da ya yi ranar nan abin al'ajabi ne sai ya ce shi dai kafe ya dama. Hoton yana wurina, ya ƙara ja, gefensa ya fara cinyewa, na ɗauke shi a waya don tsoro. Har yau ban san irin idanun babana ba, tunda a kaina suke. Wayata kuwa cike take da hotunan tawa ɗiyar farin, tana barci, tana kuka, tana cin ƙasa, wasu ma ban taɓa komawa na duba ba. Yanzu fuska ta yi arha. Wani lokaci nakan yi tunanin matan da suka haifa suka raina, suka yi shekara talatin suna satar kallo ta gefen ido, sai in rasa ko tausayinsu zan ji ko girmansu.

Kwanan baya a wurin wani suna na ɗauki yarinyar na ɗora a cinya, ina kiran sunanta ina mata wasa gaban kowa. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, ba ta fari ba ce? Ba ki da kunya?" Na ce, wallahi Iya babu, gadon ubana ne.